Gamba: Yadda Ake Gane Ta, a Dasa Ta, a Kuma Ci Moriyarta Shekara da Shekaru

A da ba kowa ke shuka gamba ba. Tana nan a saura, a bakin burtali, a kan iyakar gona, duk mai bukatar zana ko jinka sai ya ɗauki laujensa bayan kaka ya shiga daji ya yanko. Yau a yawancin ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram an daina barin gona ta huta, dabbobi sun taru a ɗan filin da ya rage, masu saƙar zana kuwa sai sun yi tafiya mai nisa, ko su sayi ciyawar dami-dami a kasuwa. A ganina lokaci ya yi da za a ɗauki gamba a matsayin amfanin gona, a ware mata wuri, a dasa ta, a kula da ita. Aikin ba mai wuya ba ne, amma yana da ƙa'ida ɗaya da kowane mataki ke komawa gare ta: ran gamba a gindinta yake. Wanda ya kiyaye gindin zai yi shekaru yana yanka, wanda ya gajiyar da shi zai rasa ta cikin damina biyu ko uku.

Fara da sanin ciyawar kanta

Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus. Danginsu ɗaya da dawa da masara da rake, shi ya sa take son rana mai zafi, ba ta jin daɗin inuwa mai duhu. Asalinta dazukan ciyawa na Afirka ne, tun daga Senegal har Sudan, ta gangara kudu har Mozambik. Ba ta mutuwa da rani yadda kyasuwa ko ƙarangiya ke mutuwa su bar iri a ƙasa. Samanta ne ke bushewa, gindin yana nan da rai, yana ƙara faɗi kowace shekara har ya kan kusa kai mita guda. A ƙasa mai kyau tsawon karanta yakan kai mita 3 zuwa 4, a jigawar arewa kuma takan tsaya a mita ɗaya da rabi ko biyu.

Idan ka tono gindi guda ka wanke shi, za ka ga saiwa iri uku. Akwai sirara masu yawa da ke bazuwa dab da saman ƙasa, su ne ke cafke yayyafin farko kafin rana ta shanye shi. Akwai masu kauri da ke riƙe gindin da ƙasa, a cikinsu ne ciyawar ke tara sitaci. Sannan akwai waɗanda ke nutsawa ƙasa sosai suna neman danshin da ya rage bayan ruwa ya ɗauke. Masu kaurin nan su ne rumbun gamba. Abin da ganye ya sarrafa a ƙarshen damina can yake sauka, daga can ne kuma take samun ƙarfin yin toho da bazara, wani lokaci tun kafin ruwan farko ya sauka, lokacin da duk wata ciyawa ba ta ko motsa ba. Wannan tohon na farko shi ne abin da makiyaya suka fi so a gamba, domin yana zuwa ne daidai lokacin da shanu suka fi ramewa.

Kafin ka tona ko ka tara iri, ka tabbata gamba ce. Dubi ganyen: dogo ne, yana da farar jijiya a tsakiya mai fitowa sarai, wajen da ya haɗu da kara kuma yakan tsuke har ya zama kusan jijiyar kaɗai ta rage. Sabon ganye yana da laushin gashi. Idan ta fid da kai, kowane reshe yana ƙarewa da zangarniya biyu sirara masu gashi fari, a buɗe kamar harafin V, kowace ƙwaya mai haihuwa tana ɗauke da siririn tsinke mai lanƙwasa a tsakiya. Tsaure ma yana da zangarniya bibbiyu, amma murza ganyensa ka sansana, yana da ƙamshi mai ƙarfi, gamba ba ta da shi. Kyasuwa kanta guda ɗaya ne mai jaja-jaja, kuma da hannu ɗaya kake tuge ta. Tofa tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa tana ɓullowa can nesa, gamba kuwa inda aka sa ta nan take zama a dunƙule, sai dai irinta ya faɗi ya tsira.

Ita ma gambar ba iri ɗaya ba ce, wannan kuwa yana da muhimmanci ga mai dasawa. Akwai ta fadama, wadda masana ke kira gayanus tsantsa, tana jure kwanciyar ruwa na ɗan lokaci. Akwai babbar nan mai gashi ta tudu, bisquamulatus, wadda aka fi sani a ƙasar Hausa. Akwai kuma tridentatus ta can arewa inda ruwa ke da ƙaranci. Ba sai ka haddace sunayen ba. Abin da za ka riƙe shi ne ka ɗebo daga wurin da ya yi kama da naka: mai jigawa ya nemi ta jigawa, mai fadama ya nemi ta fadama, wanda ke Maraɗi kada ya dogara da irin da aka kawo daga kudancin Kaduna, inda damina ta fi tsawo da wata biyu ko fiye.

Zaɓen wuri

Gamba tana rayuwa inda ruwan shekara ya kai milimita 400 zuwa sama, tana kuma jure rani na wata takwas ko tara. Ke nan daga Zariya, mai samun wajen milimita 1,000, har zuwa kudancin Damagaram duk ƙasarta ce. Tana yi a jigawa, tana yi a jar ƙasa mai tsakuwa, tana yi a ƙasar da ta gaji har dawa ta daina yi. Wuri uku ne ba na ba da shawara: inda ruwa ke kwanciya wata da watanni, ƙasa mai kanwa ko gishiri, da ƙarƙashin itatuwa masu duhun inuwa irin su mangwaro. Fako ma ba ya karɓarta sai an fasa shi. A Nijar ana haƙa ramukan rabin wata a irin wannan ƙasa domin su tare ruwa, a zuba ɗan taki, sannan a sa ciyawa a ciki da gefen tudun, gamba na cikin waɗanda ake sawa.

Tsofaffin manoma sun daɗe da sanin cewa idan gamba ta mamaye saura, ƙasar ta huta, ana iya komawa a noma ta. Saiwarta mai yawa ce ke ruɓewa a ƙasa tana mayar mata da ƙarfi. Don haka gefen gonar da ya mutu, wanda kake asarar iri a kansa kowace shekara, shi ne wuri na farko da ya kamata ka duba.

Sai ka yanke shawarar siffar da za ka ba ta. Mai ƙaramar gona iyaka ta ishe shi: layi biyu a kewaye suna tsare iyakar daga gardama, suna rage iskar farkon damina da ke binne ƙaramin gero da rairayi, suna kuma ba da zanar gida. Mai gona a gangare ya ja layukan a gicciye, su tare hanyar ruwa. Mai kiwo da ke da fili kuwa sai ya ware mata yanki sukutum.

Dasa tsagi: hanyar da na fi amincewa da ita

Hanya biyu ce, tsagin gindi ko iri. Ga wanda zai yi iyaka ko layukan tare ruwa, tsagi ya fi, domin yana kamawa da wuri, tururuwa ba ta kwashe shi, ruwa ba ya tafiya da shi.

Ka jira damina ta kankama. A ƙasar Zariya daga ƙarshen Yuni ana iya farawa, a Katsina da Maraɗi gara a bari sai tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin da marka ta kusa. Kada ka wuce tsakiyar Agusta a arewa, domin tsagin yana bukatar aƙalla mako shida na danshi kafin ruwa ya ɗauke. Ranar da aka kwana ana ruwa, ko ranar da hadari ya rufe rana, ita ce ranar aikin.

Je wurin tsohon gindi mai lafiya da izinin mai wurin. Ka fara datse ganyen da lauje, ka bar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. Dalili shi ne tsagin da aka raba da yawancin saiwarsa ba zai iya shayar da dogon ganye ba, sai ya bushe kafin ya kama. Sa fartanya mai kaifi ko gatari ka ɓantaro daga gefen gindin, inda 'ya'yan suke sababbi, ka bar tsakiyar da ta tsufa. Kada ka ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na uwar, ka kuma mayar da ƙasa ka danne inda ka tona. Yawancin wuraren da gamba ta ƙare, tuge ta gaba ɗaya da aka riƙa yi yana cikin abin da ya ƙarar da ita, bai kamata mai son dasawa ya ƙara wannan ɓarna ba.

Abin da ka ɓantaro sai ka rarraba shi da hannu, kowane tsagi ya kasance da 'ya'ya uku zuwa biyar da saiwarsu. Zuba su a jiƙaƙƙen buhu, ka ajiye a inuwa, ka dasa a ranar. Idan dole sai sun kwana, yayyafa musu ruwa, kada ka bar saiwar a buɗe.

Zurfin ramin ya zama daidai yadda tsagin yake a ƙasa tun asali. In ka binne wuyansa da yawa zai ruɓe, in ka bar saiwa a waje zai bushe. Sa ɗan ruɓaɓɓen takin gargajiya cikin tafin hannu a ramin, ka cakuɗa da ƙasa, ka dasa, ka taka gefensa da diddige har sai ka ja ganye ka ji ya riƙe. Wannan takawar ita ce mutane suka fi yi wa sakaci, ita ce kuma ta fi kashe dashe, domin saiwar da ke rataye cikin iska a rami ba ta shan komai.

Ga tazara. A kan iyaka, layi biyu, tsakaninsu santimita 50, tsakanin tsagi da tsagi ma 50, a saɓa su ta yadda na layi na biyu zai toshe giɓin na farko. Iyaka mai tsawon mita 100 za ta ci tsagi 400. Inda kake son tare ruwa da ƙasa, matsa su zuwa santimita 25 ko 30, domin giɓi mai faɗi yana tattara ruwa wuri guda ya haƙa hanya. A filin kiwo, mita ɗaya tsakanin layuka da santimita 50 a cikin layi yana ba da gindi 20,000 a hekta. A arewa mai ƙarancin ruwa, mita ɗaya ta kowane gefe, wato 10,000, ya wadatar. Bayan mako biyu ka zaga ka cike gurbin waɗanda suka mutu.

Game da layukan gangare, kada ka yarda da ido wajen gano daidaiton ƙasa. Sami siririn tiyo mai haske irin na magina, cika shi da ruwa, ku riƙe bakinsa biyu a jikin sanduna masu alama, kuna kafa turaku inda ruwan ya daidaita. Layin da ya karkace yana kora ruwa gefe guda, ƙarshenta a sami kwazazzabo inda babu shi a da. Ka kuma bar kamar mita guda tsakanin gamba da layin hatsi na farko, saboda tana gasa da shi wajen ruwa da rana. Kowace shekara idan ka zo huɗa, bi gefenta da garma ka datse saiwar da ta miƙo cikin gona.

Idan da iri za ka yi

Fili mai faɗi ya fi sauƙi da iri, sai dai irin gamba yana da halinsa. Tana fid da kai ne idan yini ya fara gajarta, wajen Oktoba, ko da yaushe aka shuka ta, iska ce kuma ke kai mata bununi daga wani gindi zuwa wani. Irin ba ya nuna lokaci guda. Na saman kai yana zuba alhali na ƙasa bai ƙosa ba, kuma yawancin abin da ka tara gashi ne da ƙaiƙayi, ƙwayar gaske kaɗan ce.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ka riƙa zagawa. Ranar da ka kaɗa kai a tafin hannu ka ga iri ya fara zubowa da kansa, lokaci ya yi. Yanke kawunan da safe kafin raɓa ta bushe, domin a lokacin ba sa zuba sosai. Tara su a inuwa a kan tabarma ko leda, ka lulluɓe da ciyawa na kwana uku ko huɗu, ɗumin da za su yi zai sa irin ya saki. Riƙa sa hannu a ciki, in zafin ya yi yawa ka buɗe. Bayan nan ka kakkaɓe, ka shanya a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau, ka zuba a buhun da iska ke ratsawa, ka rataye inda ɓera da danshi ba sa kaiwa. Sabon iri ba ya tsira da kyau, sai ya yi 'yan watanni a ajiye, don haka wanda aka tara a Nuwamba yakan yi daidai da shukar Yuni ko Yuli. Kada ka ajiye shi ya haura damina biyu.

Wata guda kafin shuka ka gwada shi. Ɗebi ɗan tsunkule, ka ƙirga guda 100, ka shuka a kwano mai rairayi, kana ba shi ruwa, bayan mako uku ka ƙirga abin da ya fito. Wannan gwajin ne zai gaya maka yawan da za ka zuba, domin buhu biyu masu nauyi ɗaya na iya bambanta sosai wajen tsira. In 20 ko fiye suka fito, iri ne mai kyau, ka zuba shi sirara. In ba su kai 10 ba, ka ninka.

Gyara ƙasar ta yi laushi, amma kada ta yi taɓo. Cakuɗa irin da rairayi mai ɗan danshi don iska kada ta kwashe shi, ka ja layuka marasa zurfi, ka zuba, ka rufe da ƙasar da ba ta wuce santimita ɗaya ko biyu ba, ka bi da ƙafa ka danne. Zurfin da ake yi wa dawa ko gyaɗa kabari ne ga irin gamba. Inda akwai gidan tururuwa kusa, ka shuka dab da saukar ruwa, in ba haka ba kafin ya tsira sun kwashe rabi.

Wanda ke son iri tantacce yana iya tuntuɓar cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka daɗe ana aiki a kan ciyayin kiwo. Daga Shika ne aka kai irin gamba cibiyar binciken noma ta CIAT da ke ƙasar Kolombiya a 1973, a 1980 kuma aka fitar da shi ga makiyayan can da sunan Carimagua 1, a Brazil kuma da sunan Planaltina. Can suna shuka ta a manyan filaye saboda tana jure ƙasa mai tsami da sauran ciyayi suka kasa. Abin yana ba ni takaici in na tuna cewa a inda aka ɗebo ta har yanzu mutane da yawa suna ganin shuka ta ɓata lokaci ne.

Shekarar farko: haƙuri da shinge

Ƙaramar gamba tana da jinkirin tashi, domin ƙarfinta na farko ƙasa take kai shi. Ciyayi masu saurin girma za su rufe ta in ba ka yi noma ba, don haka ka nome ta sau biyu, na farko bayan mako uku, na biyu kafin marka ta wuce. Wanda ya shuka da iri ya lura sosai, don a wannan matakin tana kama da kowace ciyawa, layin da ka ja shi ne zai nuna maka ita.

Kada dabba ta taɓa ta a daminar farko. Saniya ba ta yanka, fizga take yi, tsagin da bai kafu ba kuwa da saiwarsa zai fito. Da rani ma awaki da tumakin da aka saki bayan girbi za su bi tohonta su gwaguye har ƙasa. Shingen ƙaya ko darni na shekara guda ya fi duk wani taki amfani a wannan lokaci. Idan gonarka tana kusa da burtali, ka yi magana da makiyayan da ke bi ta nan da mai unguwa tun kafin kaka, a san cewa ciyawar nan shukakkiya ce, mai ita yana nan.

Taki ba dole ba ne, amma tana amsa shi sosai. Takin dabbobi a watsa da bazara ya isa. Mai hali ya sa buhun takin zamani na supa ɗaya ko biyu a hekta lokacin shuka, daga shekara ta biyu kuma buhun yuriya ɗaya, a raba shi biyu, a riƙa sawa bayan yanka idan ƙasa na da danshi.

Yanka: abinci kake so ko zana?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna son gindi ɗaya ya ba su duka biyun a shekara ɗaya. Ba ya yiwuwa, saboda lokacin da gamba ta fi amfani ga dabba daban yake da lokacin da ta fi amfani ga masaƙin zana. Tana ɗanya shar, furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikinta yakan kai kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na busasshen nauyinta. Da ta fid da kai ta yi kara, sai ya faɗi zuwa kashi 2 ko 3, alhali tumbin saniya yana bukatar wajen kashi 7 kafin ya narkar da ciyawa yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga shanu tsaye cikin busasshiyar gamba da ta fi su tsawo suna ramewa.

Saboda haka raba filinka kashi uku. Kashi biyu na dabbobi, kashi ɗaya na kara da iri, kowace shekara kuma ka juya, ɗaya daga cikin waɗanda aka yanka wa dabbobi bana ya huta baɗi, ya zama na kara da iri. Wannan hutun ne ke ba gindi damar cika saiwarsa da sitaci.

A kashin dabbobi, fara yanka idan ta kai gwiwa zuwa ƙugu, ka maimaita kamar kowane mako shida. Ka bar santimita 15 zuwa 20 a ƙasa, kada lauje ya sauka ƙasa da haka, domin idanun da sababbin 'ya'ya ke fitowa suna nan a wuyan gindi. In kiwo za ka sa maimakon yanka, ƙa'idar ɗaya ce: a shigar da dabbobi kwana kaɗan, a fitar da su kafin su cinye ta ƙasa, a bar wurin ya huta wata guda ko fiye. Kiwon yau da gobe ba hutu shi ne ya fi komai kashe gamba. Duk tohon da ta yi daga ajiyarta take ciro shi, in ana cinye shi kafin ya yi ganyen da zai biya, wata rana ajiyar za ta ƙare.

Ingirici kuwa, wato ciyawar da ake busarwa a ajiye wa dabbobi, ana yanka shi ne lokacin da ta yi ciki, kafin kai ya fito, wanda yakan zo daidai da ɗaukewar ruwa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Shanya shi kwana biyu ko uku kana juyawa, ka ɗaure shi tun yana da sauran kore, ka ɗora a kan rumfa ko reshen itace inda gara da rana ba za su ci shi ba. Ingiricin da ya yi fari fat a rana ya riga ya yi asarar amfaninsa mai yawa. Ko mai kyaun ma ka riƙa haɗa shi da harawar wake ko ta gyaɗa da ɗan dusa. Wasu suna shuka sitailo, wani tsiron kiwo dangin wake, a tsakanin layuka, irin wanda aka yi amfani da shi a filayen ajiyar ciyawa na yankin Kachiya a shekarun 1980, domin yana ƙara furotin a abincin, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yana yi, muddin ana yanka gambar a kan kari don kada ta rufe shi da inuwa.

Kashin zana sai a bar shi ya ƙosa. Tara irinka tukuna, sannan daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, idan karan ya yi ruwan ɗorawa amma bai bushe har yana karyewa ba, ka yanke, nan ma kana barin taƙi guda. Kakkaɓe busasshen ganyen ƙasa, ka ware dogaye masu kauri na zana da dangar gida, sirara kuma na jinka da rufin rumbu. Jingine damunan a tsaye a kan duwatsu ko itace. Masaƙa suna yayyafa wa karan ruwa kafin su fara aiki don ya lanƙwasu ba tare da ya tsage ba.

Wuta

Gamba tana jure wuta, gindinta ba ya mutuwa da gobara ɗaya, mako biyu bayan ƙuna ma za ka ga sabon toho. Wannan ne ke sa wasu cinna mata wuta kowace shekara don dabbobi su sami ɗanye. Amma tohon rani daga ajiya yake fitowa, ba ruwan da zai mayar da shi, in aka ƙona aka kuma kiwata shekara bayan shekara, gindin yana ƙanƙancewa har ya mutu daga tsakiya.

Haɗarin wutarta ba ƙarami ba ne. An kai gamba Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo, ta tsere daga gonaki ta mamaye dazukan arewacin ƙasar kusa da birnin Darwin, inda babu mai yanka ta ya yi zana, babu kuma isassun dabbobin da za su cinye ta. Busasshen karan da ke taruwa yana sa wutar daji ta ninka ta ciyawar asali zafi sau da yawa, har tana kashe manyan itatuwa, a 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. A wurinmu lauje da bakin dabba ne ke hana hakan, don haka filin gamba da aka bari ba yanka kusa da gari ko rumbuna abin tsoro ne a watan Fabrairu da Maris.

Tun a Oktoba ka share hanyar wuta mai faɗin mita 3 ko fiye a kewayen filin, ka kwashe duk abin da ka yanka daga ciki. In ka yanka a kan kari, da wuya ka bukaci ƙuna. In tsohon kara ya taru har yana hana toho, ƙona sau ɗaya a shekara uku ya isa, a farkon rani lokacin da ƙasa ke da sauran sanyi, da sassafe ko da yamma lis, ranar da babu iska. Sanar da maƙwabta da mai unguwa, ku kasance da mutane da ɗanyen reshe da ruwa, ka kuma share gindin duk wata itaciya da ke cikin filin, musamman ƙananan gawo da ɗorawa. Bayan ƙuna a hana dabbobi shiga har sai tohon ya haura taƙi biyu.

Bayan shekara biyar ko shida za ka ga wasu gindayen sun yi rami a tsakiya, rai ya koma gefe. Da marka ka ɓantare gefen nan ka rarraba, ka cike giɓin da ke cikin layi da shi, ka zuba taki a ramin tsakiyar. Abin da ya ragu na tsagi ka ba maƙwabcin da kuke iyaka da shi ya dasa a nasa ɓangaren, domin layi huɗu sun fi biyu tare iska da ruwa.